Kai ya wuce, wutsiya na tafe: hira kan manyan motoci da masu tafiya a ƙasa

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Zainab ce, tare da Malam Kabiru mai koyar da lissafi a sakandare, da kuma Baba Lawal, wanda ya daɗe yana jan tirela kafin ya ajiye sitiyari. Baba, sannunku da zuwa, ya gajiya?

Baba Lawal: Ba gajiya 'yata. Malam, barka da war haka.

Kabiru: Barka kadai Baba.

Zainab: Yau a kan bayan babbar mota za mu tsaya, da kayan da ake lodawa su zarce bodi. Kowa na tsoron gaban tirela, ko yaro ya hango ta tafe zai kauce. To amma Baba, na ji kuna cewa bayanta ya fi ba ku tsoro.

Baba Lawal: Ai gaba ina ganinsa. Abin da ke gabana, ga ido ga birki ga oda. Bayan kuwa nisansa da ni ya fi mita goma, kuma ba ya bin sawun kai. Mutum na tsaye a bakin kwana, ya ga kan mota ya wuce shi, sai hankalinsa ya kwanta ya tako ƙafa. A daidai lokacin ne sauran motar ke isowa kansa.

Zainab: Malam, yi mana bayani dalla-dalla, don ni kaina sai da aka zana mini a takarda.

Kabiru: Abu biyu ne ke faruwa, kuma kowanne ɓangarensa daban. Mu ce mota za ta sha kwana ta yi dama. Tayoyin baya ba sa taka inda na gaba suka taka, yanke hanya suke yi ta ciki. Wanda ke tsaye a dama, a cikin kwanar, fili na ta matse masa har taya ta same shi. Wannan mutane da dama sun sani. Na biyun shi ne wanda ba a cika sani ba: duk abin da ya rage na mota a bayan tayar ƙarshe, ɓangaren da ba a nufa ba yake fita. Mota ta yi dama, wutsiya ta shara hagu. Ki duba mai ɗauke da doguwar gora a kafaɗa cikin kasuwa. Da ya juya dama, wanda ke bayansa ta hagu zai sha duka, alhali shi mai gorar ko kallon wajen bai yi ba.

Zainab: Ke nan wanda ya ce bari in tsaya ta nan tunda can motar ta nufa, shi ne ya tsaya inda wutsiya za ta bi.

Kabiru: Shi ne. Kuma ga inda lissafin yake tayar mini da hankali. Duk motar da ke shan kwana da'ira take yi. Mu ce daga tsakiyar da'irar zuwa tayar baya ta waje mita 9 ne. Idan abin da ya rage a bayan tayar mita 3 ne, wutsiyar za ta iya fita kusan rabin mita daga layin motar. To a ɗora rodi ya ƙara wasu mita 3, ya zama 6. Mutum zai zaci fitar za ta ninka sau biyu kawai. A'a, kusan mita 2 take komawa, wato ta ninka kusan sau huɗu. Mita 2 kuwa ya cinye gefen titi gaba ɗaya, har da teburin mai shayi da tiren mai talla.

Baba Lawal: Lissafin nan naka da jiki muka san shi. In ka saba da motarka, ka san iyakar wutsiyarta ko da ido rufe. Ran da aka ɗora maka katako ko fayif ya zarce, wata mota ce daban kake ja, kuma madubi ba ya nuna maka ƙarshen kayan.

Zainab: Baba, to me ya sa ake yarda a ɗauka?

Baba Lawal: 'Yata, je ki Ƙofar Ruwa a Kano ki tsaya ki ga yadda ake fitar da kayan gini, ko 'Yan Katako a Na'ibawa. Rodi guda tsawonsa mita 12 ne. Tirela kaɗai ke ɗaukarsa a miƙe ya zauna daidai. Mai ginin da ya sayi guda talatin ba zai ɗauki tirela ba, sai a lanƙwasa shi biyu ya koma mita 6, a kira 'yar ƙurƙura ko akori-kura. Bodin 'yar ƙurƙura ko rabin wannan bai kai ba. Sai ki ga rodi ya leƙo ta saman kan direba, ta baya kuma yana jan ƙasa yana tartsatsi. Direban ya ce ba zai ɗauka ba, ga mutum biyar a layi suna jira.

Zainab: Wannan uzurin ban karɓe shi duka ba, Baba. Abin da mai kaya ya rage a kuɗin mota, wani ne can a titi zai biya shi da idonsa ko da ransa, wanda ba da shi aka yi cinikin ba.

Baba Lawal: Ban kawo shi a matsayin uzuri ba. Na kawo shi ne don a san cewa in an tare direba shi kaɗai, an bar mai kaya da mai shago da ɗan kamasho, gobe wani direban zai ɗauka. Hannu da yawa ne a cikin lodin nan. Na taɓa tsayawa shan mai a wani gari da magariba, wata motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta ta fito daga lungu da dogayen ƙarafan rufi, ta karya dama za ta hau kwalta. Wata yarinya na tsaye a hagu da tiren gyaɗa a ka, tana jiran ta wuce. Ƙarshen ƙarfen ya same ta a kafaɗa ya watsa ta cikin lambatu. Allah ya yi da sauran kwananta, amma hannun ya karye. Direban bai ma sani ba, sai da 'yan acaɓa suka bi shi suka tsayar da shi. Da ya dawo ya ga yarinyar, zama ya yi a ƙasa yana salati.

Zainab: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko jan ƙyalle babu?

Baba Lawal: Wata farar leda aka ɗaura, ta yi baƙi ƙirin da datti.

Kabiru: Ƙa'ida ita ce jan ƙyalle mai girma a ƙarshen kayan da rana, da dare kuma jar fitila. Amma a gaskiya ƙyallen na bayan mota yake wa amfani, don kada ya kutsa cikin kayan in an taka birki. Wanda ke tsaye a gefe, ƙyalle ba ya rage masa komai daga tsawon ƙarfen. Kuma rodi launin ƙasa gare shi, siriri ne, tsakanin magariba da isha'i ba a ganinsa. Tsayin da yake ratayewa kuma daidai fuskar ɗan acaɓa ne, daidai kan yaron da ya taso daga Islamiyya.

Zainab: Akwai kuma wanda ke fita ta gefe. Lokacin kaka za ka ga an loda harawa ko buhuna sun kumbura ta kowane ɓangare.

Baba Lawal: Faɗin babbar mota wajen mita biyu da rabi ne. In aka ƙara mata ciki ta dama da hagu, ta rufe madubin ma gaba ɗaya. Itace da rake sun fi muni, don tsini gare su. Ga kuma ɗauri. Igiyar da aka ɗaure a Dawanau, in ba a sauka an ƙara tamke ta a hanya ba, kafin Zariya ta saki, kaya sun karkata gefe guda.

Kabiru: Ku tuna abin da ya faru a gadar Ojuelegba ta Legas a watan Janairun 2023, da kwantena ta suɓuce daga kan mota ta danne wata bas, mutum 9 suka rasu. Bodin ɗaukar kwantena yana da makullai a kusurwa huɗu, murɗa su kawai ake yi.

Zainab: Allah ya jiƙansu. Baba, akwai abin da nake gani a shataletale da mahaɗar titi. Tirela ta kunna siginar dama, amma sai ta fara yin hagu.

Baba Lawal: Buɗe kwana ke nan. In ban buɗe ba, tayoyin baya za su hau kan kwalbati. To da na buɗe, sai fili ya bayyana a damana, nan da nan mai a daidaita sahu ya cusa kai, masu ƙafa su biyo shi. Filin nan nawa ne, yanzu zan rufe shi. Kuma ki tuna tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, direba na zaune a hagu. Ɓangaren dama, inda jama'a ke tafiya, shi ne mafi nisa da idona. Wanda ya raɓu da ƙofar dama ko ya tsaya dab da hancin mota, wallahi ba na ganinsa. Shi ya sa nake gaya wa yaran unguwarmu: ka kalli madubin motar, in ba ka ga fuskar direba a ciki ba, shi ma bai gan ka ba.

Kabiru: A Landan wannan matsalar ce ta sa tun 2021 suke auna manyan motocin da suka haura tan 12 da yadda direba ke iya ganin mutum kai tsaye ta gilashi. Wadda ta gaza, sai an ƙara mata kyamara da na'urar gargaɗi da ƙarfen kariya a gefe kafin ta shiga birnin.

Baba Lawal: Mu yaron mota ne kyamararmu. A da ba na shiga kasuwa ko in yi ribas sai yarona ya sauka yana tafe a ƙasa ta wajen wutsiya, yana korar mutane, in ya buga bodi sau ɗaya in tsaya cak. Yanzu sai ka ga yaron na kwance a saman kaya yana danna waya.

Zainab: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne kullum nasiha kan mai tafiya a ƙasa take ƙarewa. A ce masa ya matsa. Ya matsa ina? Gefen titin an kasa kaya, an ajiye motoci, wani wurin lambatu ne a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, sama da ɗaya cikin biyar kuma masu tafiya a ƙasa ne. Muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, a Kano ga 'yan Karota masu kula da zirga-zirgar motoci a kowace mahaɗa. Motar da rodi ke ja mata a ƙasa ba ɓoyayyiya ba ce. A ganina a bakin kasuwar ya kamata a tare ta a sauke kayan, tun ba ta shiga cikin jama'a ba.

Baba Lawal: In da shugabannin kasuwa da ƙungiyar direbobi za su haɗa baki su ce dogon kaya sai doguwar mota, a haɗa na mutum uku ko huɗu a tafi guda, kuɗin ma ba zai yi nauyi ba. Sannan a daina fitar da irin wannan lodi a lokacin tashin 'yan makaranta.

Kabiru: Kafin a kai can, ga abin da ke hannun mai ƙafa. Inda babu wurin tafiya, a bi gefen hagu ana fuskantar motocin da ke tahowa. In babbar mota na shan kwana, a ja da baya taku uku ko huɗu, ko ta wane ɓangare ake, a riƙe hannun yaro, kada a taka sai an ga ƙarshen kayan ya wuce, ba ƙarshen bodi ba.

Zainab: In kuma Allah ya ƙaddara abin ya faru, rodi ya soki mutum?

Kabiru: Kada a zare shi. Jama'a kan yi gaggawar cirewa don tausayi, alhali ƙarfen ne ya toshe jijiyar da ta yanke, da an zare jini zai ɓalle. A tallafe shi da tsumma mai tsabta ta kowane gefe don kada ya motsa, a danne kewayen raunin ba kan ƙarfen ba, a bar wa likita cirewa. Wanda aka buge a kai ko a wuya kuma kada a ɗauke shi a ciccibe, a daidaita kansa da jikinsa a kan abu mai faɗi. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce.

Zainab: A ajiye ta a waya, 122. Baba, Malam, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Baba Lawal: Allah ya tsare hanya.