Lacca: Yadda Turai Ke Rarrabe Asusun ETF Ga Ƙananan Masu Zuba Jari

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau kan ETF za mu yi magana, wato asusun zuba jari da ake saye da sayar da shi a kasuwar hannun jari, wanda galibi ke bin ma'aunin kasuwa, alƙalumman da ke nuna hawa da saukar farashin wasu hannayen jari a dunƙule. A ƙarƙashin dokar kasuwannin kuɗi ta MiFID II, wadda ta fara aiki a Tarayyar Turai ranar 3 ga Janairu 2018, hajar da dillali ke sayar wa ƙaramin mai zuba jari ta kasu gida biyu: mai sarƙaƙiya da marar sarƙaƙiya. In marar sarƙaƙiya ce, kuma kai ka nema da kanka, sai ya saya maka kawai. In mai sarƙaƙiya ce, dole ya tambaye ka iliminka da gogewarka. Ka gaza, ya gargaɗe ka, amma dokar ba ta hana ka saye ba.

Sashe na 25 na dokar ya sanya asusu mai rajistar UCITS, wato ƙa'idar Turai ta asusun zuba jari na gama-gari, cikin marasa sarƙaƙiya, in ban da wanda aka ɗaura ribarsa kan wani lissafi da wa'adi. To, a nan gizo ke saƙar. Akwai ETF da bai riƙe hannun jarin da yake bi ba. Yarjejeniyar musaya ya ƙulla da banki, bankin ya riƙa biyansa abin da ma'aunin kasuwa ya samu. Bankin ya durƙushe, asara ta taɓa ka, ko da yake an kayyade wannan haɗari a kashi 10 cikin 100 na dukiyar asusun. Amma a takarda, marar sarƙaƙiya ne. Ni a ganina rigar aka duba, ba mai rigar ba.

Ku ɗauki alƙalami, ga ETF masu ninki biyu, waɗanda ke ninka hawa ko saukar ma'auni na kowace rana sau biyu. Ma'auni yana 100, ya hau kashi 10, ya zama 110. Washegari ya sauka kashi 10, ya zama 99. Asusun ninki biyu kuwa daga 100 ya kai 120, ya faɗo 96. Kasuwa ta rasa ɗaya, kai ka rasa huɗu, domin kullum sabon lissafi ake dasawa. Shi ya sa dillalai da yawa ke sa su cikin masu sarƙaƙiya.

Wanda ke bin farashin zinariya zalla a Turai galibi ba asusu ba ne, takardar bashi ce mai suna ETC, don ƙa'idar UCITS ba ta yarda a zuba komai a haja ɗaya ba.

Ga mai tambayar abin da ya sa ba a sayar wa ƙaramin mai jari a Turai SPY, wani ETF na Amurka: ba sarƙaƙiya ta hana shi ba. Ba shi da takardar taƙaitaccen bayani mai suna KID da dokar Turai ta PRIIPs ta wajabta, wadda ke nuna matakin haɗari daga 1 zuwa 7, don haka dillalin Turai ba zai sayar wa ƙaramin mai jari ba.