Jama'a sun ce a fita, amma makullin na hannun majalisa: inda ake rikicewa a zancen Brexit

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambaya ɗaya ce ta sa na haɗa wannan bidiyon, kuma duk inda aka ta da zancen Brexit sai na ji ta: wai ba tun 2016 mutanen Birtaniya suka kaɗa ƙuri'a suka ce a fita daga Tarayyar Turai ba? To me ya riƙe su har 2020? Wani ya ce 'yan majalisa ne suka ci amana, wani ya ce mutanen Brussels, hedikwatar Tarayyar, ne suka tare ƙofa. Akwai wuri ɗaya da kusan kowa ke tuntuɓe, nan zan daɗe, sauran kuwa da gudu za mu wuce.

[Rumfunan zaɓe, ana ƙidaya cikin dare]

Ranar 23 ga Yuni, 2016. Masu son fita kashi 51.9, wajen mutum miliyan 17.4 ke nan, masu son a zauna kashi 48.1. Gari na wayewa firaminista David Cameron, wanda shi ya kira ƙuri'ar kuma zama yake goyon baya, ya fito ƙofar gida mai lamba 10, wato gidan firaminista, ya ce zai sauka. Theresa May ta gaje shi a watan Yuli. Wannan kowa ya sani.

To dan Allah ku tsaya da ni a nan. Wannan ƙuri'ar, a idon doka, ba ta fitar da Birtaniya daga ko'ina ba, ko taku ɗaya. Dokar da majalisa ta yi a 2015 don shirya ƙuri'ar ta faɗi su wa za su yi zaɓe, ta faɗi tambayar da za a rubuta a takarda, ta ce a yi kafin ƙarshen 2017, amma ka karanta ta daga farko har ƙarshe ba za ka ga layi ɗaya da ya ce idan masu son fita suka yi rinjaye ga abin da zai biyo baya ba. Shawara aka nema wajen jama'a. Kuma ba wai ba su iya rubuta irin wancan layin ba ne, ai a 2011 sun yi wata ƙuri'ar raba gardama kan sauya tsarin zaɓen 'yan majalisa, a cikin dokar kanta aka rubuta cewa in jama'a suka ce e, dole minista ya aiwatar. Jama'a suka ce a'a, magana ta mutu. A ta 2015 ba a sa wannan sharaɗin ba.

[A matso da kyamara kan ƙasidar gwamnati]

Yanzu ku dubi wannan 'yar ƙasidar. Gwamnatin Cameron ce ta buga ta, sama da fam miliyan 9 aka kashe, aka jefa ta gida-gida kafin zaɓe. Ga abin da ke ciki: wannan hukuncinku ne, gwamnati za ta aiwatar da abin da kuka yanke. Tsakani da Allah, kai ne wannan takarda ta faɗo cikin gidanka da tambarin gwamnati a jiki, me za ka ɗauka? Shi ya sa ni ba na ganin laifin waɗanda suka fusata daga baya, an yi musu alkawari baro-baro. Sai dai alkawarin gwamnati daban, doka daban, kuma wanda ya yi alkawarin ya tattara nasa ya nasa ya bar ofis ya bar wasu da jidali.

Me ya sa bambancin ke da nauyi haka? Mu da muka saba da tsarin Najeriya abin na ɗan yi mana bambaraƙwai. A wajenmu kundin tsarin mulkin 1999 tun a sashe na 1 ya ce shi ne sama da kowa, duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi, kotu na iya soke ta. Birtaniya ba ta da kundi guda ɗaya irin wannan. Majalisa ce a sama. Wani malamin shari'a na Oxford, A. V. Dicey, ya fayyace abin tun 1885: majalisa na iya yin kowace doka, tana iya warware kowace doka, kuma babu wani mutum ko hukuma da ke da ikon ture dokar da ta yi. Ko majalisar yau ba ta isa ta ɗaure hannun ta gobe ba. Ku leƙa maƙwabciyarsu Ireland, can ba a taɓa kundin tsarin mulki sai an tambayi jama'a, kuma abin da suka ce shi ne doka. A Birtaniya kuwa ƙuri'ar raba gardama ƙarfin da majalisa ta ga damar ba ta shi kaɗai gare ta.

[Tsohon hoto fari da baƙi, Edward Heath na sa hannu]

Kuma ta wace ƙofa suka shiga Turai tun farko? Ta dokar majalisa ta 1972, zamanin firaminista Edward Heath, suka zama mamba ranar 1 ga Janairun 1973. Wannan dokar ce ta mayar da dokokin Turai dokokin cikin gida, ta nan ɗan Birtaniya ya samu 'yancin ya je Faransa ko Sifen ya zauna ya yi aiki ba biza.

Theresa May ta ce ita ba ta buƙatar majalisa wajen aika takardar fita, wato sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar, za ta yi amfani da tsohon ikon sarauta da ministoci ke riƙe da shi da sunan sarauniya wajen ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje. Sai wata 'yar kasuwa haifaffiyar Guyana, Gina Miller, ta garzaya kotu. Hujjarta mai sauƙi ce, in aka aika wannan takarda haƙƙoƙin da majalisa ta ba mutane da doka za su tafi, kuma minista bai isa ya ƙwace abin da majalisa ta bayar ba, hannun da ya ɗaure shi zai kwance. Babbar kotu ta ba ta gaskiya a Nuwamban 2016, washegari jaridar Daily Mail ta manna hotunan alƙalan uku a shafin farko ta kira su maƙiyan jama'a. Wallahi wannan shafin har yau yana ɓata min rai, don alƙalan ba su ce kar a fita ba, wanda zai buɗe ƙofar kawai suka nuna. Ranar 24 ga Janairun 2017 Kotun Ƙoli ta tabbatar, alƙalai 8 suka amince 3 suka saɓa.

Ga abin da ake yawan mantawa kuma. Mafi yawan 'yan majalisar nan zama suka yi wa kamfe, amma da aka kawo musu ƙudurin, 498 suka ce a aika takardar, 114 suka ƙi. Doka ta ba su ikon cewa a'a, amma wa zai koma mazaɓarsa ya kalli idon mutane ya ce na watsar da ƙuri'arku? Takarda ta tafi ranar 29 ga Maris, 2017.

Daga nan da sauri. Takardar zaɓe ta ce a fita ko a zauna, ba ta ce ta yaya ba. A bar kasuwar bai-ɗaya ta Turai, inda kaya da mutane ke shige da fice ba shinge, ko a riƙe ta? Ya za a yi da iyakar Ireland ta Arewa, yankin Birtaniya, da ƙasar Ireland da ke cikin Tarayyar? May ta kira zaɓe a Yunin 2017 don ta ƙara ƙarfi, sai ma ta rasa rinjayen da take da shi. Ta kawo wa majalisa yarjejeniyar fitar da ta ƙulla da Tarayyar Turai ranar 15 ga Janairun 2019 aka kayar da ita 432 da 202, ba a taɓa yi wa gwamnati irin wannan kayen a majalisar ba, ta sake kawowa sau biyu a Maris duk ta sha ƙasa.

[Kakakin majalisa na wancan lokacin John Bercow na daka tsawa, a bar sautin ya fito]

Ku saurari muryar nan, ni dai ba na gajiya da ita.

May ta sauka, Boris Johnson ya hau a Yulin 2019, ya shawarci sarauniya ta rufe majalisa na mako biyar ana dab da wa'adin fita. Aka koma kotu, Gina Miller na ciki kuma. Ranar 24 ga Satumba alƙalan Kotun Ƙoli 11 baki ɗaya, Lady Hale na jagoranta, suka ce rufewar ta saɓa doka, tamkar ba a yi ba, washegari 'yan majalisa suka koma kujerunsu. Sun ma riga sun yi dokar da ta tilasta wa Johnson neman ƙarin wa'adi daga Tarayyar Turai, ya aika wasiƙar ba tare da ya sa hannu ba. Abin da ya warware ƙullin shi ne zaɓen 12 ga Disamban 2019, jam'iyyar Conservative ta Johnson ta samu kujeru 365, sabuwar majalisa ta zartar da dokar fita cikin 'yan makonni, ƙarfe 11 na daren 31 ga Janairun 2020 Birtaniya ta fice.

[Taswirar Scotland]

Scotland kuwa kashi 62 suka zaɓi a zauna a 2016, aka fita da su duk da haka. Gwamnatin Scotland ta Nicola Sturgeon ta nemi a sake ƙuri'ar ɓallewa daga Birtaniya bayan ta 2014, har ta ce ta jin ra'ayi kawai za ta yi, wadda ba ta ɗaure kowa. A Nuwamban 2022 Kotun Ƙoli ta ce majalisar Edinburgh ba ta da hurumin kiran ko da irin wannan sai da amincewar majalisar Landan.