Kai Ɗalibai Senegal Koyon Kokawa: Yadda Ake Tsara Tafiyar

Duk malamin da zai kai ɗalibai Senegal su koyi kokawa, ya fara sanin cewa iri biyu ce a can. Akwai mai naushi, wadda ake yi a manyan filaye da hannu tsirara, ba zare ba safar hannu. Akwai ta kamu zalla, wadda ƙabilun Serer da Jola suka shahara da ita, ake shirya ta a unguwa da ƙauye da dare, suna kiranta mbapatt. Ɗalibai ta biyun za su koya. Ta farko kallo ce kawai, kuma kada a sassauta wannan ko da a ayarin akwai ɗan dambe.

A zaɓi rani, tsakanin Disamba da Afrilu. Damina a Dakar daga Yuli ne zuwa Oktoba, a watan azumi kuma manyan wasanni kan tsaya. A kauce wa ranakun Magal, babban taron ziyara na 'yan ɗarikar Muridiyya a garin Touba, 18 ga Safar, don motocin haya duk can suke nufa.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don zaman da bai wuce kwana 90 ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS. Amma a riƙe katin rigakafin shawara, da takardar amincewar iyaye ga wanda bai kai shekara 18 ba. Kuɗinsu sefa ce, irin ta Nijar. Filin jirgin Blaise Diagne yana Diass, kusan kilomita 50 daga Dakar, saboda haka a tanadi bas tun kafin a sauka.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne a gina tafiyar kacokan kan babban wasa ɗaya a filin kokawa na ƙasa da ke Pikine, a gefen Dakar, wanda aka buɗe a 2018. Irin wannan wasa ana iya ɗage shi idan ɗan kokawa ya ji rauni ko aka samu saɓani kan kuɗi. Ko an yi shi ma, sai a kwashe awanni ana kiɗa da shiri, karon ya ƙare cikin minti biyu. Ilimin yana gidajen horo, waɗanda suke kira ekiri, irin su Fass da Ndakaru. A nemi izinin mai horarwa tun daga gida, a yi ciniki a rubuce: kwana nawa, awa nawa, nawa za a biya. Atisaye da yamma ake yi, bayan la'asar, a kan yashi, sau da yawa a bakin teku.

A kwana goma, horo biyar ya isa, ana tsallake rana. Gudu a cikin yashi yana kama ƙwauri da cinya fiye da yadda ake zato, wanda ya yi kwana uku a jere sai ya kasa tsugunawa. Kwana biyun farko ba kayarwa, faɗuwa ake koya: a sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, kada a tare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, don a nan wuyan hannu da kafaɗa suke gocewa. A haɗa ɗalibai gwargwadon nauyi, a yanke farce, a tsince yashin daga kwalba da duwatsu. Malami ɗaya ga ɗalibai goma. 'Yan mata ma suna da wuri: a yankin Casamance matan Jola suna kokawa, daga can Isabelle Sambou ta fito har ta je gasar Olamfik.

Ranar kallon babban wasa, a yi musu bayanin doka tun a mota. A dambe, hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. A can kuwa sai kai, ko baya, ko mazaunai sun taɓa, ko hannu biyu da gwiwa biyu gaba ɗaya. Za su ga ɗan kokawa ɗaure da layu, yana sheƙa wa kansa ruwan magani daga jarkoki, yana taka rawar gangar sabar, yana kirarin da suke kira bakk. Ɗan Argungu ko Tahoua ba zai yi mamaki ba. Kada a taɓa jarkokin, kada a ɗauki hoto kusa sai da izini. A zauna wuri guda, waya a aljihun gaba, a fita kafin cunkoso, domin bayan wasa ne ake fizge da rikicin magoya baya.

Idan an gayyace ku cebu jen, shinkafa da kifi a faranti ɗaya, kowa ya ci gabansa. Uwar gida ce take gutsuro kifi ta turo wa baƙo. Shayin ataya zagaye uku ne, tashi bayan na farko bai dace ba. A ware rana guda don tsibirin Gore, wurin tarihin cinikin bayi, minti 20 ne a jirgin ruwa daga Dakar.

Idan kuma hira ta yi sanyi, a ambaci Yekini. Shi ne Yakhya Diop, ɗan kokawar da ya kasance sarkin fage har Balla Gaye na biyu ya kayar da shi a 2012, laƙabinsa daga Rashidi Yekini ya samo, ɗan ƙwallon da aka haifa a Kaduna.