Faransancin da Ke Tsayawa a Aji Uku

Bilkisu: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Bilkisu ce, tare da Malam Habibu kamar kullum, ga kuma Yaya Isuhu da ya iso daga Maraɗi daren jiya, ƙurar hanya ma ba ta gama sakinsa ba. Malam, bari in fara da ƙara. Shekaranjiya na sayi ƙosai, ina buɗe takardar da aka ƙunshe shi sai na ga shafin littafin Faransanci ne na ƙaramar sakandare.

Malam Habibu: Allah sarki. To ai littafin ya yi wa wani amfani ke nan.

Bilkisu: Malam, kai da ka koyar da darasin shekara da shekaru, dariya ma kake yi?

Malam Habibu: Idan ban yi dariya ba me zan yi, 'yata? Ke nawa kika riƙe daga naki?

Bilkisu: Gaisuwar safe, da ƙirge zuwa goma. Shi ma daga bakwai sai na yi tunani.

Isuhu: Kin ma yi ƙoƙari. Mushe, ka ji ɗalibarka.

Bilkisu: Subhanallahi, Yaya, wa kake kira mushe?

Isuhu: Haka muke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu a Nijar, daga kalmar Faransanci ta girmama namiji. Na san a nan dabbar da ta mutu ba yanka ce. Kuma mu can, idan tsoho ya ce yaro ya iya Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi.

Malam Habibu: Na yafe maka. Bilkisu, tambayar da ya kamata ki yi ita ce: yaya aka yi darasin ya zama dole? A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya. Ki duba lokacin. A watan Nuwamban 1995 aka rataye ɗan fafutukar Ogoni Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da mu, Ingila da Amurka suka juya mana baya. Sai gwamnati ta waiwayi Faransa da maƙwabta. Maganar daga fagen siyasa ta fito, ba daga ɗakin malamai ba.

Bilkisu: Amma ta shiga tsarin karatu.

Malam Habibu: Ta shiga. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 1998 ta sa shi cikin darussan dole, ta 2004 kuma ta fayyace: dole a firamare da ƙaramar sakandare, zaɓi a babbar sakandare. Sai dai ki buɗe kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 55. Harsunan majalisa Ingilishi ne, sai Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadi. Babu Faransanci ko a gefen shafi. Harshen hukuma na biyu ke nan, wanda hukumar kanta ba ta magana da shi.

Isuhu: Malamai fa? An horar da su kafin a ce dole?

Malam Habibu: Nan gizo ke saƙar. A makarantar da na fi daɗewa, ni kaɗai ne, azuzuwa tara, kowane aji yara sun haura saba'in. Darasi biyu a mako, kowanne minti 40. Ku lissafa, idan an yi karatu mako 36 ba yajin aiki ba komai, awa 48 ke nan a shekara. Kwana biyu cur. A cikinsu ma rabi ya tafi wajen rubutu a allo, don yawancinsu ba su da littafi. Yaro ɗaya sai ya yi zango guda bai buɗe baki ya faɗi jimla ba. Da aka yi mini canjin wurin aiki kuwa, malamin tarihi aka ɗora wa darasin, saboda wai ya taɓa zama a Kwatano.

Bilkisu: To amma hujjar da ake kawowa ba ƙarya ba ce. Benin, Nijar, Chadi, Kamaru, duk da Faransanci suke aiki.

Isuhu: Ƙanwata, wanda ya rubuta wannan hujja taswira yake kallo. Ki zo Jibiya ko Ɗan Isa ranar kasuwa, ki je Illela da Birnin Ƙwanni, ki gaya mini da wane harshe ake cinikin wake da shanu. Hausa ta riga ta gama wannan aikin. Ɗan shekara goma sha huɗu a Katsina ya san zai iya zuwa har Damagaram bai nemi tafinta ba, to me za ka faɗa masa ya yarda yana buƙatar Faransanci? Buƙatar tana zuwa ne daga baya, ranar da ya tsaya gaban ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ko jandarma aka miƙo masa takarda, ko ya nemi gurbin karatu, ko aiki da ƙungiyoyin agaji. Lokacin kuma ya bar darasin da shekara goma.

Bilkisu: Ku fa? Ingilishi ya zauna muku?

Isuhu: Ciwon ɗaya ne. Muna fara shi a ajin farko na kwalej, wato ƙaramar sakandare, shekara huɗu, sannan uku a lise, babbar sakandare ke nan. Na ci shi a jarrabawar bak ta kammala sakandare da maki mai kyau, na zo Kano aka ba ni fom a banki na riƙa juya shi. Faransanci ya zauna mana ne don da shi ake koya mana lissafi da komai tun muna ƙanana, ba don mun fi ku kai ba.

Malam Habibu: Gashi kuma yanzu kun sassauta masa riƙo.

Isuhu: A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundin da aka sa wa hannu kuma ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Mun ji daɗi, ba ƙarya. Amma takardun asibiti da na kotu da jarrabawa ba su canza harshe dare ɗaya ba. Mu ma kada mu yi irin ta 1996, a yi shela a bar malamai da alli.

Bilkisu: To Malam, a mayar da shi zaɓi mana tun daga aji ɗaya, mai so ya ɗauka.

Malam Habibu: Ingila ta gwada wani abu kusa da haka. A 2004 suka cire wa 'yan shekara 14 zuwa sama dolen koyon harshen waje. Kafin nan kusan uku cikin huɗu na ɗalibai suna rubuta jarrabawar wani harshe, cikin 'yan shekaru abin ya faɗo ƙasa da rabi, kuma makarantun unguwannin talakawa suka fi saurin watsar da shi. Idan aka yi haka a nan, 'ya'yan masu kuɗi za su ci gaba a makarantun kuɗi, ɗan talaka ko gaisuwar da kika riƙe ba zai samu ba. Ni ba cirewa nake so ba. A kowace ƙaramar hukuma a ware makaranta ɗaya ko biyu, a zuba musu malamai na gaske, darasi kullum, har zuwa aji shida. Da a shafa wa kowa a leɓe, gara wasu su ƙoshi.

Bilkisu: Hakan ma ai wariya ce.

Malam Habibu: Wariya ce, na yarda. Amma wadda ake yi yanzu ta fi muni, don ba a faɗinta. Ki dubi Larabci. Yaro yana zuwa Islamiyya kusan kullum, iyaye na biya da aljihunsu, kowa ya san dalilin zuwansa.

Bilkisu: Ko Indiyanci. Akwai samari a Kano da suke zuba shi, fim kawai ya koya musu. Yanzu kuma Sinanci ake rububi, saboda 'yan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin da masu aiki da kamfanonin 'yan Sin.

Malam Habibu: Ba wanda ya rubuta musu manufa. Abu ɗaya da gwamnati ta yi daidai shi ne ƙauyen Faransanci na Badagry, da aka kafa a 1991. Da can ɗaliban jami'a masu karanta harshen sai an tura su ƙasashen waje a shekararsu ta uku, da kuɗin waje ya yi tsada aka ce su je can. Na Larabci kuma aka kafa shi a Ngala ta jihar Borno a 1992, cikin Larabawan Shuwa, kafin rikicin Boko Haram ya tilasta masa komawa Maiduguri. Ni a Badagry bakina ya buɗe, don ko abinci za ka karɓa sai da Faransanci.

Isuhu: Daga Katsina zuwa Badagry ya haura kilomita dubu, Mushe. Maraɗi kuwa, idan hanya lafiya kuma ba a rufe iyaka kamar 2023 ba, awa biyu ta yi yawa. Muna da malaman Faransanci da ke zaune ba aiki, kuna da na Ingilishi. Bilkisu, ƙanenki da ya gama aji uku, ki ba ni shi dogon hutu. Sharaɗi ɗaya: ba Hausa a cikin gida.

Bilkisu: A Maraɗi? Wa zai tsare wannan doka?

Isuhu: Ni mana.

Malam Habibu: Hajiyarku fa, da me zai gaishe ta?

Isuhu: Wallahi na manta da ita. Inna ko kalma ɗaya ba ta ji, kuma ita ce mai tuwo.