Na'urar Yatsa da Ruwan Tur'a

(An rubuto daga faifan laccar da wata likita ta gabatar ga jama'ar Hausawa a Gadarif, ƙasar Sudan, kan yadda wariya ke taɓa lafiya)

Assalamu alaikum. Iyayena mata na can baya, muryata tana isowa? To, madalla.

Ku dubi abin nan da ke hannuna. Duk wanda ya kwanta asibiti lokacin korona ya san shi: a maƙala a yatsa, ya faɗi yawan iskar da ke cikin jini. Da haske yake aiki, hasken kuwa ta fata yake ratsawa. A 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka suka gwada lambarsa da ta jinin da aka ɗiba, suka tarar yakan ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Mutum na haki, na'ura na cewa lafiya lau, sai a ce ya koma gida. A can dai, mace baƙar fata ta fi farar fata mutuwa wajen haihuwa kusan ninki uku.

Amma laifi tudu ne. Mu sauko gida.

Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, hannun wa ya tsinci audugar Jazira, babban yankin noman rani na Sudan? Har da na kakanninmu, masu tafiya hajji a ƙasa da waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Akasarinsu ba su sami hawasha ba, wato gonar da ake ba manomi, sai kambo, sansanin leburori, a gefen tur'a, wato hanyar ruwan ban-ruwa. Kun san kambo, wasunku can aka yanke muku cibiya. Babu famfo, babu shago, ɗakin shan magani sai an yi tafiya. A tur'ar nan ake wanka, a nan ake wanki, a nan yara ke iyo da rana tsaka. Cikinta akwai 'yan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, ta huda fata ta shige, bayan 'yan watanni yaro ya fara fitsarin jini.

Ina sabuwar likita aka kawo mana wani yaro ɗan shekara tara, idonsa fari fat, uwarsa riƙe da kwalbar fitsarinsa a ƙunshe cikin gefen mayafi don kunya. Wani abokin aiki ya leƙo ya ce, "Ciwon Fallata ne wannan." Fallata, wato mu 'yan asalin Afirka ta Yamma. Wallahi har yau maganar tana ci mini rai. Ɗansa ma, da zai yi wata guda yana iyo a tur'ar nan, irin kwalbar da za a kawo ke nan.

Ga kuma takarda. Wanda aka ce sai ya kawo shaidar kakan kakansa kafin a ba shi jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, katin ta'amin ɗinsa na inshorar lafiya ma maƙalewa yake yi, ya koma sayen ƙwaya ɗai-ɗai a kanti.

Sai ciwon da ba a gani. Bayan rikicin ƙabilanci da ya shafi Hausawa a garuruwan Damazin da Rusairis a 2022, mata masu ciki suka yi watanni ba awo, masu sukari maganinsu ya yanke. Fargaba kuma ba ta tsayawa a zuciya. Jikin da kullum yake cikin ɗar-ɗar yana zubo sinadarin da ke matse jijiyoyi, barci ya ƙaurace, jini ya hau. Baba, na ga ka gyaɗa kai.

Ana nuna mini agogo. Na zo da ma'aunin hawan jini guda biyu, mata su fara, a ɗakin can na dama. Wanda ya sha shayi yanzu ya dakata rabin awa tukuna.