Yaronka ya shiga ajin Sifaniyanci a Bronx: me za ka sa rai da shi?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce daga Bronx a birnin New York, tare da Malam Nura da kuma Zainab. Yau zancenmu na yaran da ke aji 6 zuwa 8 ne, shekarun da yawancinsu suke fara karatun Sifaniyanci. Malam, kukan da nake ji a bakin mata a wajen suna da biki iri ɗaya ne. Yaro ya shekara biyu yana wannan darasi, amma ka aike shi shagon ɗan Dominikan, wato ɗan Jamhuriyar Dominika mai jin Sifaniyanci, ya sayo madara, da Turanci zai saya. To ina amfanin?

Nura: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin mu ga laifin yaro, bari mu yi lissafi. Shekarar karatu a nan kwana 180 ce. A ce darasin minti 45 ne kuma kullum ake yi, awa 135 ke nan a shekara. Wasu makarantun ma yau a yi, gobe a tsallake. To cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta taɓa ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Sifaniyanci. Manya ne fa waɗannan, an tsamo su, ba su da wani aiki sai wannan. Yaronmu a shekara biyu bai kai rabin haka ba, ga lissafi, ga kimiyya, ga Islamiyya.

Hadiza: Ashe mu iyaye ne muka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Nura: Haka nake gani. Kuma idan uba ya ce wa yaro "kai ba ka iya komai ba", yaron yarda yake yi.

Zainab: Ni a nan na yi waɗannan azuzuwa, Anti, bari in faɗi abin da ake samu. A makarantu da yawa, aji 7 da 8 idan aka haɗa su daidai suke da shekarar farko ta Sifaniyanci a babbar sakandare. Yaron da ya riƙe karatunsa zai iya gaisuwa, ya faɗi sunansa da shekarunsa, ya ba da labarin gidansu, ya faɗi lokaci, ya nemi abinci, ya bayyana yadda yake tashi ya tafi makaranta. Zai rubuta ɗan gajeren sakin layi. Wajen ƙarshen aji 8 ne ake fara taɓa zancen abin da ya wuce, jiya na je, jiya na ci. A jihar New York kuma, wanda ya ci ajin ya kuma ci jarrabawar ƙarshe yana shiga sakandare da makin harshe a hannunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hadiza: To me ya sa a shago yake kasawa?

Zainab: Saboda abin da mai shago yake faɗa ba shi ne a littafi ba. Malama ta koya masa "¿Cómo estás?", a hankali, kowane harafi ya fito. Ɗan Dominikan kuwa haɗiye "s" ɗin ƙarshen kalma yake yi, ga sauri, sai ka ji kamar "cómo tú ta". Yaro ya tsaya yana ta laluben abin da ya sani, layi ya taru a bayansa, sai ya ji kunya ya koma Turanci. Wani abin kuma, ƙidayar 2020 ta nuna fiye da rabin mutanen Bronx 'yan asalin ƙasashen da ke jin Sifaniyanci ne. Ke nan yaronmu yana zaune a aji kusa da wanda ya sha harshen a nono. Malama ta yi tambaya, kafin ya gama fahimta wancan ya amsa. Na ga ƙawayena da yawa da suka saki karatun tun a wata na biyu saboda wannan kaɗai.

Nura: Abin da ke ba ni takaici ke nan, domin yaron da ya tashi da Hausa yana da abin da ɗan Ba'amurke bai da shi, sai dai ba wanda ya gaya masa. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke faɗarsu a karatun boko na Hausa haka suke faɗa. Abin da aka rubuta shi ake karantawa, ba kamar Turanci ba. Sannan "r" ɗin nan mai kaɗawa da ke wahalar da masu Turanci shekara da shekaru, wanda ke raba "pero" da "perro", wato "amma" da "kare", mu a bakinmu yake.

Zainab: Kawu, ka manta namiji da tamace.

Nura: Ina zuwa nan. Turanci ba ya raba tebur da kujera ya ce wannan namiji, wannan mace. Mu kuwa muna cewa riga ta yage, wando ya yage, ba tare da tunani ba. Sifaniyanci haka yake, har ma yawancin kalmomin mace da "a" suke ƙarewa kamar namu: la casa, la mesa. Kuma kamar yadda gida da ruwa da nama suka ƙare da "a" amma maza ne a wurinmu, su ma suna da el día da el mapa, domin "el" na namiji ne, "la" ta mace. Yaron da aka nuna masa wannan sau ɗaya, tsoron abin ya fita daga ransa.

Hadiza: Wallahi ban taɓa jin wannan ba. To amma Malam, a gida fa? Ni ko kalma goma ban sani ba. Da me zan taimaka masa?

Nura: Da abin da kika riga kika sani, Hajiya. Kin yi makarantar allo. Wanda ya yi hadda ya bar tilawa, me ke faruwa?

Hadiza: Zubewa take yi.

Nura: To shi ke nan. Wani masanin Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kansa ya wallafa a 1885: mafi yawan abin da mutum zai manta, a awoyi da kwanakin farko yake mantawa, kuma kowace maimaitawa tana rage saurin mantuwar. Shi ya sa minti 15 kullum ya fi awa biyu a daren jarrabawa. Yaran nan kuwa akasin haka suke yi. Ana gwajin kalmomi ranar Juma'a, sai daren Alhamis a buɗe littafi, a ci gwajin, Litinin babu ko ɗaya a ka.

Zainab: Kuma ba zuba wa littafi ido ba ne karatun. Wannan ita ce babbar yaudarar. Ka karanta jerin kalmomi sau biyar, idonka ya saba da su, sai ka ɗauka ka iya. Rufe littafin ka faɗa da ka, nan za ka gane. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne 'yan katuna: gefe ɗaya Sifaniyanci, ɗaya gefen ma'anarsa. Mamana tana tsinke alayyafo, ni ina tsaye, ta ɗaga kati ta karanta ma'anar, ni in faɗi kalmar, ta juya ta duba ko daidai ne. Wanda na ci ta ajiye a dama, wanda na kasa ta mayar ƙasan tarin ya sake zagayowa. Ba ta jin Sifaniyanci, amma tunda yadda aka rubuta haka ake faɗa, tana gane in na kauce.

Hadiza: Wannan kam zan iya.

Zainab: A rubuta kalmar tare da "el" ko "la" ɗinta tun farko, Anti, kada a raba su. Sai kuma aikatau, nan ne jirgin yara da yawa yake kifewa. A Hausa muna cewa ina magana, kana magana, yana magana, "magana" tana nan ba ta motsa ba. Su kuwa ƙarshen kalmar ne yake sauyawa: hablo, hablas, habla, hablamos, hablan. Wanda bai zauna da wannan ba a aji 7, duk abin da za a ɗora masa a aji 8 ba zai zauna ba. Kuma ɗan ɗigon nan da ake sa wa a kan wasali ba ado ba ne. "Hablo" ina magana, "habló" ya yi magana. Malamai suna rage maki a kansa, kuma suna da gaskiya.

Hadiza: Waya fa? Na ga ɗana yana ɗaukar hoton aikin gida, Google Translate ya juya masa duka.

Nura: Ki hana shi, Hajiya, da gaske nake. Neman kalma ɗaya ba laifi. Amma ya rubuta sakin layi da Turanci na'ura ta juya masa, bai koyi komai ba, kuma malama tana ganewa nan take, domin za ta ga siffofin aikatau da sai shekara biyu nan gaba za a koya musu. Gara jimla biyar nasa masu kuskure, malama ta gyara da jan biro.

Zainab: Ni ban ƙi Duolingo ba, manhajar nan ta koyon harsuna a waya, Kawu, yana sa yaro ya taɓa harshen kullum. Amma kalmominsa ba su ne na gwajin Juma'a ba. A fara da littafin makaranta, in lokaci ya rage a yi shi.

Hadiza: Akwai abin da ke cin raina, ban ɓoye muku ba. Yaran nan Hausar ma da ƙyar suke amsa mana. Ka yi musu magana da Hausa su mayar da Turanci. Yanzu kuma mu zauna muna ɗaga musu katin wani harshe? Ina jin kamar muna ciyar da baƙo ne namu na kwana da yunwa.

Nura: Na fahimce ki, kuma ba zan ce damuwar banza ba ce. Amma ba Sifaniyanci ne ke cinye Hausar yaranmu ba, minti 45 ne kawai a rana. Turanci ne, da mu da muke biye musu mu amsa da shi.

Zainab: Anti, a bayan katin ki sa ya rubuta ma'anar da Hausa a ƙarƙashin Turancin. "La cuchara", cokali. "El arroz", shinkafa. Kalmar da bai sani ba da Hausa, ke zai tambaya.

Hadiza: To wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, ko da yake ba duka ba. Shagon fa, mu haƙura da shi?

Zainab: A'a, a rage masa nauyi dai. Kada a ce ya yi hira. Ya shirya jimla ɗaya tun daga gida, "¿Cuánto cuesta?", nawa ne, ya faɗe ta, ya saurari lambar kawai. Mako na gaba ya ƙara "buenos días" da "gracias". Masu shagunan nan suna jin daɗi in yaro ya gwada, wasu har su rage sauri su maimaita masa.

Nura: Iyaye kuma su je ganawa da malamai idan lokacinta ya zo. Makarantun gwamnati na birnin nan suna samar da tafinta kyauta ga wanda ya nema. A tambayi malama abu biyu: wane babi ake ciki, kuma wace rana ake gwaji. A rubuta a manna a jikin firji.

Hadiza: Madalla. Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa za mu zauna kan wannan batu da na taɓo, yadda za a riƙe Hausa a bakin yaran da aka haifa a nan. Mu kwana lafiya.