Fyaucewa: Me Bulus ya rubuta da Helenanci?

Jama'a, ku buɗe 1 Tasalonikawa 4:13-17. Wajen shekara ta 50 ko 51 Bulus ya rubuta wannan wasiƙa daga Korinti, kuma masu makoki ya rubuta wa. 'Yan'uwansu sun mutu Almasihu bai dawo ba, hankalinsu ya tashi: shin waɗanda ke kabari za su rasa rabonsu a ranar?

A aya ta 15 ya kira zuwan Ubangiji "parousia". Kalma ce ta yau da kullum, isowar mutum da kasancewarsa a wuri. Da ita Bulus ya yi maganar zuwan Titus a 2 Korintiyawa 7:6. Amma mutanen wancan zamani sun kuma san ta da ziyarar sarki ko gwamna zuwa birni.

Sai aya ta 17, inda "harpazo" take, wato a fizge abu da ƙarfi, farat ɗaya. Ita ce a Yohanna 10:12, inda kyarkeci ke fyauce tumaki, ita ce kuma a Ayyukan Manzanni 8:39 da Ruhu ya ɗauke Filibus. A fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Latin da Jerom ya yi an sa "rapiemur". Mu kuma muka ce fyaucewa, kuma kalmar ta zauna daram.

Wadda aka fi tsallakewa a aya ta 17 ɗin ita ce "apantesis", tarba, wato tarbar Ubangiji a sararin sama, kuma ita ce ta fi taɓa ni. In babban baƙo ya doso gari, mutane sukan fita bayan ganuwa su tare shi, su rako shi ciki, kamar yadda ake fita tarbar sarki in ya dawo daga tafiya. Ku duba Ayyukan Manzanni 28:15. Bulus na kan hanyar Roma yana ɗaurarre, masu bi suka fito har Kasuwar Afiyus, tafiyar sama da kilomita 60, don su tarbe shi. Da ya gan su ya gode wa Allah, zuciyarsa ta yi ƙarfi, suka ƙarasa Roma. Haka a Matiyu 25:6, da tsakar dare aka yi kira a fito tarbar ango.

Shi ya sa Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azi na ikilisiyar farko, tun ƙarni na 4, ya fahimci aya ta 17 a matsayin tarbar Sarki. Koyarwar cewa za a kwashe ikilisiya tukuna kafin ƙunci mai girma na ƙarshen zamani ta bazu ne daga shekarun 1830 ta bakin wani mai wa'azi, John Nelson Darby, kuma masu bi da yawa na riƙe da ita da zuciya ɗaya.

A ganina, kada mu sa wa Bulus magana a baki. Bai ce bayan tarbar an wuce sama ba, bai ce an juyo ƙasa ba. Abin da ya ce shi ne matattu cikin Almasihu za su fara tashi, sannan a fyauce masu rai tare da su.